Ƙasa, Ruwa da Rabo a Gonar Audugar Jazira

Hajj Abdalla gari ne a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Wad Madani, a ƙasar Sudan. Hanyar jirgin ƙasa ta bi ta gefensa. Matafiyin da ya bi wannan yanki zai riƙa jin Hausa a kasuwanni da bakin gonaki, gama ƙauyukan Hausawa da Fulani suna nan warwatse a bakin kogin, tun daga Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan, har zuwa Wad Madani. A shekara ta 1921 aka kafa injin jan ruwa a Hajj Abdalla, yana ɗebo ruwa daga kogi yana zubawa a gonakin auduga. Shi ne na uku cikin irinsa. An fara da Tayiba a 1911, sa'an nan Barakat a 1914, na huɗu kuwa aka kafa shi a Wad an-Nau a 1924. Dukansu gwaji ne. Ana so a ga ko baƙar ƙasar Jazira za ta karɓi auduga mai dogon zare, a kuma koya wa manoma aikin ban ruwa kafin a gama babbar madatsa a Sinnar.

Jazira kalmar Larabci ce, ma'anarta tsibiri, watau filin da yake tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu kafin su haɗu a Hartum. Fili ne shimfiɗaɗɗe, yana gangarawa a hankali zuwa arewa da yamma, har ruwan da aka tare a Sinnar zai iya tafiya da kansa ba sai an tura shi ba. Masu masaƙu na Lankashiya a Ingila suna bukatar auduga ƙwarai. Ƙungiyarsu ta BCGA, wadda ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, ta sa rai da ƙasar Hausa, amma da jirgi ya iso Kano sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka juya gare ta tun daga 1912. Ita wannan ƙungiya ce ta matsa wa gwamnatin Ingila lamba, har a 1913 ta yarda ta tsaya wa Sudan lamuni a ci bashin fam miliyan 3. Yaƙin duniya na fari ya tsai da aikin, tsada ta hau, kafin a gama lamunin ya kai fam miliyan 13. Ruwa ya shiga babbar hanyarsa a 1925.

Amma kafin a haƙa ko taki ɗaya akwai tambayar da ba a iya tsallakewa: ƙasar nan ta wace ce? Jazira ba daji ba ce. Mutane suna noman dawa a cikinta da ruwan sama tun kaka da kakanni, suna yin ƙananan ganuwa ta ƙasa su tare ruwa. Turawa da kansu sun auna gonakin sun rubuta sunayen masu su a farkon mulkinsu. Ƙwace ƙasar da ƙarfi abu ne mai hatsari, gama tawayen Mahadi bai daɗe da wucewa ba, a 1908 kuma Wad Habuba, ɗan Jazira, ya ta da bore a kan gwamnati, maganar gona tana cikin abin da ya fusata shi. Sayen ta duka kuwa ya fi ƙarfin baitulmali. Sai aka bi wata hanya ta tsakiya, aka sa ta cikin dokar ƙasa ta 1921, aka sabunta a 1927. Mai gona yana nan da sunansa a littafi, gonar tasa ce, yana iya barin ta gado. Amma dole ya ba gwamnati haya ta shekara 40, a kan kirshi 10 kowane faddan a shekara. Faddan ya ɗara eka kaɗan, kirshi 100 kuma su ne fam ɗaya na Masar. Inda hanyar ruwa ko gini zai bi, gwamnati ta saye a kan fam ɗaya kowane faddan. Abin da ya sa mutane suka haƙura ba kuɗin hayar ba ne. Alkawari ne da aka yi cewa mai gona shi za a fara ba yanki a cikin sabuwar gonar ruwa, yana kuma iya nuna 'yan'uwansa a ba su. Irin wannan yanki shi ake kira hawasha.

Ba za a ce wannan ciniki ne na tsara da tsara ba, tun da mai gona ba shi da ikon cewa a'a. Duk da haka ya hana abubuwa biyu da suka ɓata irin wannan aiki a wasu ƙasashe: ba a kori mutane daga ƙauyukansu ba, attajirai kuma ba su sami damar saye ƙasar su tsawwala haya ba. Aibinsa ya fito daga baya. Ba a rubuta yadda za a ƙara kuɗin hayar idan darajar kuɗi ta faɗi ba. Wa'adin ya cika a 1967, ba a zauna an sake shiri ba, kirshi 10 kuwa ya zama abin da bai isa kuɗin motar zuwa karɓarsa ba. Jikokin masu gonaki sun yi ta bin hakkinsu har bayan dokar Jazira ta 2005, maganar diyya ta kai gaban kotu.

Gardama ta biyu a kan ruwa ce, ita ma ba da talakawa aka yi ta ba. Masar tana ƙasa, ranta duka a kan Nilu yake, ba ta so a taɓa ruwan rani. Domin a kwantar mata da hankali aka yi alkawari gonar Jazira ba za ta wuce faddan 300,000 ba. A watan Nuwamba na 1924 aka harbe Sir Lee Stack, Gwamnan Sudan, a titin Alƙahira. Cikin fushi Lord Allenby, wakilin Ingila a Masar, ya kai wa firayim minista Sa'ad Zaglul takardar sharuɗɗa, a ciki har da cewa daga yanzu za a faɗaɗa gonar Jazira ba iyaka. Zaglul ya ajiye aiki. Mutanen Masar suka ɗauki maganar kamar an ce za a kashe su da ƙishi, a Landan ma aka ga an wuce gona da iri. Ba a yi wata uku ba aka janye, aka kafa kwamitin masana mai mutum uku: ɗaya na Masar, ɗaya na Ingila, shugabansu kuwa injiniya ne daga Holan. Suka bar maganar fushi suka koma ga ma'aunin kogi, wata bayan wata. A kan rahotonsu aka ƙulla yarjejeniyar 7 ga Mayu 1929. Sudan za ta cika madatsar Sinnar lokacin da kogi ya kawo, ta yi amfani da abin da ta tara, amma daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Yuli ruwan da kogi yake kawowa na Masar ne. Wannan ya sa kalandar manomin Hajj Abdalla, ranar shukarsa da ranar da za a rufe masa ruwa, ta dogara ga takardar da aka sa wa hannu a Alƙahira. Bayan 'yancin kai, a Nuwamba 1959, Sudan ta zauna da Masar da bakinta. Aka raba ruwan, Masar ta sami mita mai kusurwa biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, aka kuma buɗe hanyar gina madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966. Habasha, inda Shuɗin Nilu ya fito, ba a gayyace ta ba a duka zama biyun.

Sai maganar rabo. An shirya aikin kamar tarayya ta mutum uku. Gwamnati ta kawo ƙasa da madatsa da manyan hanyoyin ruwa. Kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya kawo masu duba gona, da rance, da injin gurza, shi ne kuma mai sayar da audugar. Manomi ya kawo ƙarfinsa da na iyalinsa. Idan an sayar, sai a raba ribar: manoma kashi 40 cikin ɗari, gwamnati 35, kamfani 25. Daga baya gwamnati ta koma 40, kamfani 20. Irin wannan rabo ba baƙo ba ne ga mutanen bakin Nilu, gama haka suke raba amfanin lambun da ake shayarwa da sakiya, mai ƙasa da kasonsa, mai shanun da suke juya ta da nasa, mai aiki da nasa. Hawasha ta fari faddan 30 ce, 10 na auduga, wani yanki na dawa da wake, saura a bar shi ya huta. Dawar ta manomi ce shi kaɗai, ba haraji, ba kuɗin ruwa. Tsofaffin Jazira sun fi riƙe wannan sharaɗi da daraja fiye da kashi 40 ɗin, domin mutum yana iya rasa ribar auduga amma rumbunsa a cike.

Sunan abin tarayya ne, amma littafin lissafi yana hannun ɗaya daga cikin ukun. Bature mai duba gona, wanda ake kira mufattish, shi yake faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar tuge karan auduga a ƙone. Manomin da ya yi sakaci ana iya karɓe hawasharsa. A shekarun farko riba ta yi kyau, ba wanda ya tambayi lissafi. Daga 1930 kasuwar duniya ta faɗi, cututtuka biyu kuma suka kama audugar, ɗaya mai baƙanta reshe, ɗaya mai nannaɗe ganye. Manoma suka yi shekaru suna aiki suna ƙara bashi. Da yawa suka yar da hawasha suka tafi.

A nan ne Hausawa suka shigo cikin labarin sosai, ko da yake sun daɗe a ƙasar. Hanyar Makka ta ƙasa ta bi ta Sudan, alhazai kuwa sukan tsaya su yi aikin shekara ɗaya ko biyu su sami guzuri, waɗansu tsayawar ta zama zama. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa yana ɗauke da sunansa har wa yau. Mutanen Sudan suna haɗa Hausa da Fulani da Barebari su kira su duka Fallata. Turawa sun ji tsoronsu da fari saboda zancen Mahadi, amma da aikin madatsa ya tashi suka gane ba su da ma'aikata kamarsu. Sun ɗauki ƙasa da dutse a Sinnar, sun haƙa hanyoyin ruwa, lokacin tsinkar auduga kuwa, daga Janairu zuwa Afrilu, ba a iya yi sai da su. Sa'ad da 'yan ƙasa suka gudu daga bashi, kamfani ya miƙa waɗansu hawashoshin ga waɗannan baƙi, suka riƙe su cikin mummunan lokaci.

Domin kada a sake shiga irin wannan hali, aka buɗe asusun ajiya a shekarun 1930. Kowace shekara mai kyau ana cire wani abu daga kason manoma a ajiye, wai don a tallafe su a shekarar fari. Shawara ce mai kyau, sai dai ba a tambayi masu kuɗin ba, ba a kuma riƙa gaya musu abin da ya taru ba. Yaƙin duniya na biyu ya kawo tsadar tufafi da sukari da ladan ma'aikata. A tsakiyar 1946 labari ya bazu cewa akwai kimanin fam miliyan 1 da dubu 300 na manoma a ajiye. Shekara biyu kafin nan gwamnati ta riga ta sanar ba za ta sabunta wa kamfani izininsa ba idan ya cika a 1950. Manoma suka haɗa biyu da biyu, suka ce kamfani zai tattara kuɗinsu ya tafi da shi. Galibinsu suka yi rantsuwa ba za su shuka auduga ba sai an biya su duka.

Lokacin da suka zaɓa ya nuna sun san aikinsu. Audugar Jazira a watan Agusta ake shuka ta, in an makara shekara ta lalace, auduga kuma ita ce ƙashin bayan baitulmalin Sudan. Gwamnati tana da 'yan sanda, amma ba a iya tilasta wa manoma fiye da 20,000 su shuka iri da bakin bindiga. Wata wahala kuma ita ce, da ta nemi wanda za ta yi magana da shi sai ta ga babu, gama cikin shekara ashirin ba ta taɓa yarda manoma su sami wakilai nasu ba. Hakimai da shehunan ƙauye da take dogara gare su ba su iya karya rantsuwar jama'a. 'Yan boko na birni, waɗanda suke neman mulkin kai, suka shigo suna goyon bayan manoma. Dole aka buɗe littafin, aka bayyana abin da aka cire da inda aka ajiye shi, aka sa 'yan Sudan masu mutunci a tsakani. A ƙarshe aka daidaita a kan fam 400,000 da za a fitar a raba, saura ya zauna a asusu. Manoma ba su sami ko sulusin abin da suka nema ba, gwamnati kuma ta ba da abin da ta ce ba za ta bayar ba. Aka shuka audugar.

Ribar da ta fi kuɗin ita ce abin da ya biyo baya. A 1947 aka kafa majalisar wakilan manoma, waɗanda manoma suka zaɓa, mai ikon duba lissafi da faɗin ra'ayi. Daga cikinta ƙungiyar manoman Jazira ta tsiro a farkon shekarun 1950, ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi ƙarfi a ƙasar, shugabanta Shehu al-Amin Muhammad al-Amin har ya zama minista bayan juyin Oktoba na 1964. Ranar 1 ga Yuli 1950 kamfani ya miƙa aikin ga Hukumar Jazira, Arthur Gaitskell, tsohon ma'aikacin kamfanin, ya zama shugabanta na fari. Aka ware wani kaso na riba domin rijiyoyi da karatun manya da kiwon lafiya a ƙauyuka. Mai karatu zai fi ganin darajar sulhun 1946 idan ya dubi abin da ya faru a Joda, wata gonar auduga ta 'yan kasuwa a bakin Farin Nilu, a watan Fabrairu na 1956, bayan 'yancin kai da 'yan makonni. Can ma lissafi manoma suka nema, suka ƙi ba da audugarsu sai an biya su. Aka aika 'yan sanda, aka yi arangama, aka kama mutane aka cusa a ɗaki guda a barikin Kosti. Da gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda rashin iska.

Amma majalisar 1947 ta masu hawasha ce. Wanda yake tsinkar auduga a kan lada ba shi da kujera a ciki, a shekara mai zuwa kuma aka rufe masa ƙofa da doka. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen hijirar Burmi sun makara da 'yan shekaru, balle alhazan da suka biyo bayansu. Daga baya an yi ta matso da ranar gaba har ta kai 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan an riga an yi babban rabo. Aikin Manakil, wanda aka fara a 1957, ya kusan ninka gonar har ta haura faddan miliyan 2, sababbin hawashoshin kuwa na masu takardar ɗan ƙasa ne. Bahaushe ya koma yin nasa cinikin a bakin gona, shi da mai hawasha. Da aka shigo da gyaɗa cikin juyin shuka, sai ga shi shi ne gwaninta: mai hawasha ya ba da ƙasa da ruwa, Bahaushe ya yi aikin, su raba amfani, galibi rabi da rabi. Shiri ne na baka, ba ya cikin littafin Hukuma, yana kuma iya ƙarewa a kowace kaka.

Ma'aikata da yawa, daga Darfur da Kurdufan da Cadi da Nijeriya, suka zauna a bukkoki a gefen hanyoyin ruwa. Irin wannan zango ana kiransa kambo, jam'insa kanabi. Waɗansu sun yi zuriya uku a wuri ɗaya ba su da takardar filin da ɗakinsu yake kai, suna shan ruwan da yake kawo tsargiya da zazzaɓin sauro. An soke asusun tarayya a 1981 aka koma kowane manomi da lissafinsa, dokar 2005 ta ba manomi ikon shuka abin da ya ga dama, amma duka gyare-gyaren nan tsakanin gwamnati da masu hawasha da masu ƙasa aka yi su. Sai a 2013 mazauna kanabi suka kafa ƙungiyarsu ta neman filin zama da makaranta da asibiti.

A wannan shekara ta 2013 aka gama ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10. Ruwa ya ci ƙauyuka a bayanta, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa da aka sa wa lamba maimakon suna, kabilu dabam dabam kusa da juna, Hausawa a cikinsu. An biya diyyar gidaje, amma tsohuwar tambayar 1921 ta sake tashi da sabuwar fuska: ƙasar nan ta wace ce, wa kuma yake da ikon raba ta? A 2022 Hausawan Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarauta tasu cikin tsarin sarakunan gargajiya. Shugabannin kabilun da suke ɗaukar kansu masu ƙasa suka ƙi, gama a wurinsu sarauta da ƙasa abu ɗaya ne. Faɗa ya ɓarke a watan Yuli a Rusairis da kewaye, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka gudu, waɗansu zuwa Sinnar da Jazira wurin dangi. A watan Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, cikin garuruwan madatsar nan masu lamba, mutum fiye da 200 suka mutu cikin 'yan kwanaki. A watan Janairu na 2023 shugabannin kabilun, har da na Hausawa, suka sa hannu a takardar zaman lafiya. Wata uku bayan haka yaƙi ya tashi a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025, a cikin kwanakin nan kuma aka kai wa waɗansu kanabi na Jazira hari, ana zargin mazaunansu da goyon bayan abokan gāba. A Kambo Tayiba kaɗai an ƙidaya aƙalla mutum 26 da aka kashe.